RAGE SHEKARU DON NEMAN TAKARDAR ZAMAN DINDINDIN: NASIHA GA WANDA YA HAURA ARBA'IN



Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Yake ƙidaya mana kwanakinmu ba tare da ko ɗaya ya kuɓuce Masa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Watannin baya, bayan mun idar da sallar La'asar, wani bawan Allah ya zauna har sahu ya watse, sannan ya matso ya ce yana da magana. Na san shi, mutumin kirki ne, cikin masu sahun gaba. Ya ba ni izinin in rubuta abin da muka tattauna, da sharaɗin kada in ambaci sunansa ko wurin aikinsa. Saboda haka zan kira shi Alhaji kawai.

Alhaji yana da shekara 46. Yana da digiri na biyu, kuma ya shekara 19 yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Mata ɗaya, 'ya'ya biyar, ga mahaifiya a ɗaki tsufa ya kama ta. Biyu daga cikin yaran da ya koya wa aiki da hannunsa yanzu suna Kanada da takardar zaman dindindin, suna turo masa hotuna cikin dusar ƙanƙara. Shi kuwa albashinsa ba ya kai shi 20 ga wata.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, na shiga neman takardar zama a Kanada. Komai nawa ya yi daidai, ban da shekaru. Wani dillali ya ce abin mai sauƙi ne: a je kotu a yi takardar rantsuwa a cire min shekara 7, in koma 39, sauran takardun shi zai ji da su. Ni dai ba sata zan yi ba, ba kuma wanda zan cuta. Aikin na iya shi, satifiket ɗina na gaske ne. Mene ne hukuncin?"

Na ce masa ya ba ni mako guda. Hukuncin ba ɓoyayye ba ne, amma malamanmu sun koya mana cewa kafin ka yi wa abu hukunci sai ka san siffarsa. Na nemi ya kawo min ƙa'idojin tsarin kamar yadda gwamnatin ƙasar ta wallafa su, muka zauna da biro da takarda. Abin da muka gani shi ya sa na ga ya kamata in rubuta, domin saƙonni irin wannan sun yi yawa a akwatina, daga likitoci da nas-nas da injiniyoyi da malaman jami'a, yawancinsu furfura ta fara leƙowa.

Tsarin da ake kira Express Entry, wanda Kanada ta fara aiki da shi a watan Janairun 2015, maki yake ba mutum, jimillarsu 1,200. Ana duba shekarunka, da karatunka, da ƙarfin Turancinka ko Faransancinka, da aikin da ka yi. Lokaci-lokaci sai su ja layi, wanda makinsa ya haura layin a gayyace shi ya miƙa takardunsa cikin kwana 60. Mai aure da ke tsakanin shekara 20 da 29 yana samun maki 100 a kan shekaru kawai, wanda ba shi da aure 110. Daga 30 sai a fara zaftare biyar-biyar. Mai 39 yana da 50, mai 40 yana da 45. Daga nan sai zaftarewar ta koma goma-goma: 35, 25, 15, sai 5 ga mai shekara 44. Ranar da ka cika 45, sifili.

Abin da ya fi ƙona wa Alhaji rai ma wani ne daban. Aikin da ka yi a wajen ƙasarsu, da zarar ya kai shekara 3 ya kai ƙololuwar makinsa. Ke nan shekara 19 ɗinsa da shekara 3 na yaron da ya koya wa riƙe sirinji, a wannan ma'aunin nauyinsu ɗaya, sannan yaron ya ɗara shi da maki 100 na ƙuruciya. Ostireliya ma ta fi tsanani, domin manyan bizojinta na ƙwararru sai wanda bai cika 45 ba. Niyu Zilan ce take kai iyakar har 55.

Ya ce, "Malam, wannan ba zalunci ba ne?"

Na ce a'a. Ƙasarsu ce, kuma lissafinsu a fili yake. Suna neman wanda zai daɗe yana aiki yana biyan haraji kafin ya fara cin fansho da yawan zuwa asibiti. Mai gona da ke neman 'yan ƙwadago ma ya kan duba ƙarfi. Ba su ce kai mutumin banza ba ne, ba su kuma auna darajarka ba, abin da za su samu daga jikinka suka auna. Kuskuren shi ne mutum ya ɗauki ma'aunin wasu ya ɗora wa kansa, har ya fara jin kunyar shekarun da Allah Ya ba shi. A cikin Suratul Ahƙafi Allah Ya ambaci shekara arba'in a matsayin lokacin cikar ƙarfi da hankali, lokacin da bawa yake juyowa ya roƙi a kimsa masa godiya a kan ni'imar da aka yi masa da iyayensa, a kuma gyara masa zuriya. A shekara arba'in aka aiko Manzon Allah (SAW). Daidai wurin da kwamfutar Kanada ta fara gudu da makinka, nan Allah Ya ce ka cika mutum.

To mu koma kan tambayar.

Rage shekaru da gangan ƙarya ce, kuma ba ita kaɗai take tafiya ba. Takardar da ake yi a kotu sunanta takardar rantsuwa, kuma da gaske rantsuwar ce. Mutum ya rantse a kan abin da ya wuce, yana sane cewa ƙarya yake yi, wannan ita ce malamai suke kira yaminul gamus, rantsuwar da ke dulmiya mai ita cikin zunubi. Ta zo cikin jerin manyan zunubai a hadisin da Bukhari ya ruwaito, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya girmanta ya wuce a kankare ta da kaffarar ciyar da miskinai goma, sai dai tuba. Sannan sau da yawa ana buƙatar wani babba a dangi ya sa hannu cewa ya san ranar haihuwar. Ka ga ka jawo yayanka ko kawunka cikin shaidar zur, wadda Annabi (SAW) yana kishingiɗe ya tashi zaune saboda ita, ya yi ta nanata gargaɗi har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru don tausayinsa. Bayan haka akwai wanda za a ba wa na goro ya taɓa lambar NIN da fasfo. Rashawa ke nan. Abin da aka kira “gyaran takarda” ya zama zunubi uku ko huɗu a ƙulli ɗaya.

A nan sai in ware wasu. Da yawanmu a ƙauye aka haife mu, babu wanda ya rubuta rana. An ce dai shekarar fari ce, ko damina biyu bayan rasuwar hakimi. Shi ya sa idan ka duba fasfo na mutanenmu sai ka ɗauka rabin garin ranar 1 ga Janairu aka haife su. Wanda bai san ranar haihuwarsa ba, ya yi kirdado da iyakar gaskiyarsa, babu laifi a kansa. Wanda kuma aka yi masa kuskure a takarda ya je ya gyara zuwa ga gaskiya, ya kyauta. Maganata a kan wanda ya san shekarunsa sarai, ya zauna da kalkuleta yana neman shekarar da za ta fi ba shi maki.

Sai Alhaji ya kawo shubuhar da na san za ta zo, domin kowa ita yake kawowa. Ya ce, "Amma Malam, ai ba Musulmi ba ne. Kuma Turawan nan sun kwashi arzikinmu."

'Yan'uwa, ku riƙe wannan da kyau. Huzaifa ɗan Yaman da mahaifinsa (RA) suna kan hanyarsu ta zuwa Madina sai Ƙuraishawa suka tare su, ba su sake su ba sai da suka yi alƙawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi (SAW) ba. Suka iso ana shirin Badar, ranar da Musulmi ɗari uku da 'yan kai za su fuskanci kusan dubu, ranar da kowane takobi ake buƙatarsa. Suka faɗa masa abin da ya faru. Sai ya umarce su su koma, a cika wa mushirikai alƙawarinsu, a nemi taimakon Allah a kansu. Muslim ne ya ruwaito. Mugira ɗan Shu'uba kuma, kafin ya musulunta, ya yaudari abokan tafiyarsa ya kwashe dukiyarsu. Da ya zo, Annabi (SAW) ya karɓi Musuluncinsa, ya ce dukiyar kam babu ruwansa da ita. Waɗannan fa mutane ne da ake yaƙi da su. Ina ga ƙasar da kai ka ƙwanƙwasa mata ƙofa, ka sa hannu a fom cewa duk abin da ka rubuta gaskiya ne? Malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa Musulmin da ya shiga ƙasar waɗanda ba Musulmi ba da amana, haramun ne ya ha'ince su. Biza a yau ita ce wannan amanar.

Maganar “ba wanda zan cuta” ita ma ba ta tsaya ba. Kujerun ƙidayayyu ne. Duk wanda ya haura layi da makin ƙarya, akwai wani da ya faɗi gaskiya ya rage a ƙasan layin, wataƙila ma ɗan unguwarku ne. Kuma duk takardar bogi da aka kama, sai ta ƙara wa masu fasfo irin naka wahalar bincike.

Ko ta fuskar duniya ma cinikin asara ne. Na ce wa Alhaji, shekara nawa kake da ita ka gama sakandare? Ya ce 18. Na ce to a sabon lissafi kana da 11 ka gama. Ɗanka na fari shekararsa nawa? Ya ce 21. Na ce kana da 18 ka haife shi ke nan, kuma kana da 20 ka kama aikin asibiti da digirinka. Wanne za ka gyara, wanne za ka bari? Takardar sakandare, ta jami'a, ta bautar ƙasa, ta ɗaukar aiki, BVN, tsohon fasfo da ka yi Umara da shi? Ya taɓa neman bizar Ingila shekarun baya, an ɗauki zanen yatsunsa. Kanada da Amurka da Ingila da Ostireliya da Niyu Zilan kuwa suna musayar irin waɗannan bayanai a tsakaninsu. Dokar Kanada ta ce wanda aka kama ya ba da bayanin ƙarya za a hana shi shiga ƙasar shekara 5, kuma ba a karɓar uzurin “dillalina ne ya cike”. Idan bayan ka shiga asirin ya tonu, ana iya ƙwace takardar zaman, har shaidar zama ɗan ƙasa ana iya warwarewa. Mai 46 da aka dakatar shekara 5, sai dai ya dawo yana 51. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Sannan muka yi lissafin da ya sa Alhaji ya yi shiru. Idan ya ci jarrabawar Turanci ta IELTS da kyau, wato 8 a saurare da 7 a sauran ukun, ya haɗa da digirinsa na biyu da aikinsa da ɗan abin da matarsa za ta kawo, makinsa zai tsaya wajen 360. Ƙaryar shekara 7 maki 50 za ta ƙara masa, ya koma wajen 410. Layin zaɓen gama-gari kuwa a shekarar 2024 sama da 500 yake. Wato zai dulmiya kansa cikin rantsuwar ƙarya, ya jawo kawunsa, ya ba dillali miliyoyi, kuma duk da haka bai iso ba. Dillalin ya san wannan. Idan an gama ta farko sai ya ce saura takardar tayin aiki, ita ma akwai farashinta. Alhali tun watan Maris na 2025 Kanada ta soke makin da take bayarwa a kan tayin aiki a wannan tsarin, saboda yadda aka mayar da takardun haja.

Abin da ya ba ni mamaki, maki 50 ɗin nan da ake son saya da ƙarya, akwai su a halal, adadinsu ɗaya. Wanda ya kai mataki na 7 a ma'auninsu na Faransanci, a karatu da rubutu da magana da saurare, kuma yana da Turanci daidai gwargwado, ana ƙara masa maki 50, ban da na harshe na biyu. Tun 2023 kuma suna yin zaɓe na musamman ga wasu rukunai, ciki har da masu Faransanci da ma'aikatan lafiya, kuma layin masu Faransanci ya sha saukowa ƙasa da 400. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Garwa, wannan ƙofa a bakin ɗakinku take, da yawanku ba ku sani ba. Ba na ce abu ne mai sauƙi ga wanda bai taɓa harshen ba. Shekara guda ko fiye ta karatu tuƙuru ce, kuma harshe ba ya shiga kan ɗan 46 kamar yadda yake shiga na ɗan 16. Amma wahala ce da ba a jin kunyarta gobe ƙiyama.

Akwai kuma ƙofar larduna. Lardin da ya zaɓe ka saboda yana buƙatar sana'arka, maki 600 ake ƙara maka a take, ka ga zancen shekaru ya mutu. Idan kuma matarka ta fi ka ƙuruciya kuma tana da karatu da sana'ar da ake nema, doka ta yarda ita ta zama mai nema, kai ka bi ta. Na san wasu mazan za su ji wannan ya tsaya musu a wuya. Babu komai a cikinsa ta fuskar shari'a, girman kai ne kawai.

Shi Alhaji ma ashe tun a ƙofar farko hannun matarsa yake buƙata. Kafin a sa ka cikin masu jira akwai wani ma'auni na daban da sai ka sami 67 cikin 100. Digiri na biyu 23, harshe 24, aiki 15, ga 62. Shekarunsa maki 1 tal suke ba shi, baɗi ma babu. Abin da zai cike shi ne maki 5 da ake bayarwa idan matar mutum ta ci jarrabawar harshe a matakin farko-farko. Da ya gane haka sai ya yi dariya, ya ce yau zai koma gida da tsire.

Duk wannan ƙa'idoji ne na mutane, suna canza su yadda suka so. Wanda zai shiga ya karanta da idonsa a shafin gwamnatin ƙasar, idan kuma zai ɗauki mai ba da shawara, ya tabbatar yana da lasisi daga can.

Wani ɗan'uwan kuma ya rubuto min da abin da ya fi wannan nauyi. Shi mata biyu gare shi. Kanada auren farko kaɗai take gani, auren mace fiye da ɗaya laifi ne a dokarta, kuma yawanci sai sun nemi hujjar cewa an rabu da sauran. Aka ba shi shawara ya yi wa amarya “sakin takarda”: ya rubuta, kotu ta buga hatimi, amma a zuci tana nan matarsa. Ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah. Hadisi ya zo a Abu Dawuda da Tirmizi cewa abubuwa uku gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne: aure, da saki, da kome. Ka rubuta saki da hannunka, ka sa hannu gaban alƙali da shaidu, sannan ka ce wasa kake yi? Ka jefa zamanku cikin hatsarin da ba ka san ƙarshensa ba. Idan ka mutu a can, da wace takarda za ta nemi gadonta? Wasu kuma sai su ɓoye 'ya'yan ɗakin amarya, alhali ƙa'idarsu ita ce ɗan da ba ka bayyana ba tun farko ba za ka iya ɗauko shi daga baya ba. Uba ya cike fom ya ce 'ya'yansa huɗu, su kuwa bakwai ne. Ranar da ukun nan suka ga takardar, me zai ce musu? Wanda yake da mata biyu kuma yana son ya riƙe su da adalci, ya sani wannan ƙofar ba tasa ba ce, ya nemi wata. Ƙasar Allah da faɗi take.

Game da asalin tafiyar, ko ta halatta, malamai sun yi saɓani tun da. Malikiyya sun tsananta, Wansharisi ya yi fatawa mai zafi a kan Musulmin Andalus da suka zauna ƙarƙashin mulkin Kirista. Mawardi daga Shafi'iyya yana ganin wanda zai iya bayyana addininsa a can, zamansa yana iya zama alheri. Sahabbai kuma sun zauna a Habasha ƙarƙashin Najjashi saboda adalcinsa, wasu har shekara ta 7 bayan hijira. Abin da nake tafiya a kai shi ne ya halatta ga mai buƙata, wanda yake da ilimin da zai kare aƙidarsa, zai iya tsai da sallarsa, kuma yana da rinjayen zaton zai iya riƙe tarbiyyar 'ya'yansa. Kanada akwai Musulmi kusan miliyan 1.8 a ƙidayar 2021, masallacin Al-Rashid na birnin Edmonton tun 1938 yake. Neman aiki da ƙwarewarka kuma ba abin kunya ba ne. Annabi Yusuf (AS) da bakinsa ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar, ya ambaci amanarsa da iliminsa. Annabi Musa (AS) ya yi ƙwadagon shekaru a Madyana, kuma abin da aka yabe shi da shi ƙarfi ne da amana. Ka lura, duka biyun amana tana ciki.

Sai dai kada mu sa wa abin rigar da ba tasa ba. Na sha jin ana cewa ai Annabi (SAW) ma yana da 53 ya yi hijira, Shehu Usmanu yana dab da 50 ya bar Degel zuwa Gudu a 1804. Gaskiya ne, kuma ya isa hujja cewa shekaru ba sa hana mutum sabon farawa. Amma su addininsu suka gudar. Kai neman abinci za ka, da makarantar yara da asibiti mai magani. Halal ne, ka kira shi da sunansa, domin kowa abin da ya yi niyya shi yake samu.

Kuma wanda ya haura arba'in akwai lissafin da yaro ba ya yi, shi dole ya yi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Takardar zama ba lasisin aiki ba ce. Likita da nas da injiniya da mai gwajin jini, kowanne sai ya sake bin hukumar sana'arsa a can, da jarrabawa da kuɗi da jira, kuma kafin nan sai an ci abinci an biya haya. Shugaban sashe a nan yana iya samun kansa yana ɗaukar kwali a sito, yaro sa'an ɗansa yana ba shi umarni. Ɗan 28 zai shanye wannan ya wuce. Kai fa, da hawan jini da ciwon gwiwa, a garin da sanyi yake kai 30 ƙasa da sifili? Fanshon tsufa na gwamnatinsu a shekara 65 ake fara shi, sai ka zauna aƙalla shekara 10, cikakkensa kuma sai mai shekara 40 a ƙasar. Wanda ya sauka yana 48, kashi 17 cikin 40 zai samu. A gida kuma ya bar aikin da ya ba wa shekara 19. Takardar kanta tana da sharaɗi: kwana 730 a cikin ƙasar a kowace shekara 5, in ba haka ba ta kuɓuce.

Na tambayi Alhaji, Hajiya fa? Ya sunkuyar da kai. Wani mutum ya zo yi wa Annabi (SAW) mubaya'a a kan hijira, hijira ta gaske, ya ce ya baro iyayensa suna kuka. Aka ce ya koma ya sa su dariya kamar yadda ya sa su kuka. Ban ce duk mai uwa a raye haramun ne ya yi tafiya ba. Idan ta yarda da zuciya ɗaya, akwai masu kula da ita, kuɗin da za ka turo ma zai saya mata magani, to madalla. Amma ka tambaye ta tambayar gaske, ba irin wadda ake yi bayan an riga an sayi tikiti ba. Iyayenmu mata sun iya cewa “Allah Ya kiyaye hanya” alhali zuciyarsu tana tsagewa. Ka kuma sa a ranka cewa wayar da kowa ke tsoro tana iya zuwa kana nisan yini guda a jirgi, ka iso an riga an dawo daga maƙabarta.

Alhaji ya yi istihara, ya yi shawara. Hajiya ta ce ya je, ƙannensa biyu suna gari, amma ta sa masa sharaɗin ya bar mata 'yarsa ta biyu har ta gama makaranta. Ya kira dillalin ya ce ya fasa. Kuɗin da ya riga ya bayar na somin-taɓi ba su dawo ba, ya ce ya ɗauke su kuɗin makaranta.

Yanzu shi da matarsa sun rubuta jarrabawar Turanci, ita ta samu abin da ake nema, shi saura rabin maki a rubutu, zai sake. An tantance digirinsa. Kwana uku a mako bayan Magariba yana zuwa ajin Faransanci, ya ce shi ne dattijon ajin, yara suna ce masa Baba, malamar ma Baba take ce masa. Yana kuma bibiyar larduna biyu da ke neman masu sana'arsa.

Abin da ke hana shi barci yanzu ɗansa na fari ne. Yaro yana shiga cikin takardar iyayensa ne idan bai cika 22 ba kuma bai yi aure ba a ranar da aka karɓi cikakkun takardun. Saura wata bakwai yaron ya cika. Da wuya gayyata ta zo kafin nan. Makon jiya ya ce min dillalin ya sake kiransa, ya ce to na yaron fa, shekara ɗaya tak za a taɓa, wa zai sani?

Na ce, me ka ce masa?

Ya ce, "Na ce masa yaron baɗi zai gama digiri. In ya yi aiki shekara ɗaya, shi maki 110 gare shi a kan shekaru, ba ya buƙatar in ɗauke shi. Wataƙila ma shi zai riga ni."

Ku sa shi cikin addu'a, jarrabawarsa ta gaba ranar Asabar ce.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.